Mutanen da suka kai Salman Khan kotu

A majalisun shayi na unguwar Kirkissoye a Yamai, in aka ce Indiya, fim ake nufi. Kowa ya san Salman Khan, amma kaɗan ne suka san waɗanda suka gurfanar da shi. Bishnoi ake ce musu, wani reshe na mabiya addinin Hindu a hamadar Rajastan. A 1485 malaminsu Jambheshwar ya kafa musu ƙa'idoji 29, ciki har da haramcin sare ɗanyen icce da kashe dabba. A 1730 sarkin Jodhpur ya aiko a sare itatuwan ƙauyen Khejarli. Wata mata, Amrita Devi, ta rungume icce ta ƙi saki, jama'a suka bi sahunta, aka kashe mutum 363. Zuriyarsu ce ta kai ƙara cewa tauraron ya harbe barewa biyu a 1998, suka yi ta bin shari'ar har kotu ta yanke masa ɗaurin shekara biyar a 2018, ya ɗaukaka ƙara.

To amma addinin Hindun nan dai shi ne yake kiran kogin Ganga uwa, ga shi kuwa najasar birane da dattin majemun Kanpur a cikinsa suke kwarara. Girmamawar baki ba ta tsare kogin ba. A wurin Bishnoi kuwa koyarwar ta zama dokar gari, maƙwabci na tsare maƙwabci, babba bai fi ƙarfinta ba.

Mu ba mu da bukatar aron aƙidar kowa. Malamanmu sun sha faɗa mana cewa dasa icce sadaka ce, kuma kowane 3 ga Agusta muna dashe ana ɗaukar hoto. Duk da haka shingen itatuwan da aka fara kewaye Yamai da shi a 1965, galibi dogon yaro (shi ma daga Indiya ya zo mana), gatari da masu yanka filaye suna cinye shi. Tudu ya tsiraice, korama ta kwaso yashi ta cike koginmu, ruwa ya rasa wurin zama. A 2020 ya shigo gonakin shinkafa da gidajenmu.

Ba na ganin laifin matar da ke girki da icce don gas ya fi ƙarfinta. Tambayata ga limamai da masu unguwa ce: wane mai kuɗi ne ya taɓa jin kunyar shiga sahun gaba a masallaci don ya share itatuwa ya yanka fili?