Kafin ka rabu da tsohuwar motarka saboda kuɗin gyara, je ka ji farashin wata

Duk mai riƙe da motar da ta haura shekara 15 ya san akwai ranar da makanike zai ɗago kai daga injin, ya goge hannu, ya ce: "Alhaji, wannan karon fa aikin babba ne." Ko injin ya fara shan baƙin mai yana hayaƙi, ko giya ta daina shiga. Ya faɗi kuɗi, kai kuma ka yi shiru. Kafin ka isa gida, mutum uku sun ba ka shawara iri ɗaya: sayar da ita ka huta.

Ni ra'ayina ya saɓa da nasu. A Gana ta yau, mafi yawan lokuta gyaran ya fi sauƙi ga aljihun talaka da mai matsakaicin hali, ko da kuwa kuɗin gyaran ya yi ciwo.

Akwai wata ƙa'ida da ake yawo da ita a intanet, wai idan kuɗin gyara ya kai rabin darajar mota, to a sayar. Wannan lissafin mutanen Amurka da Turai ne. A can ladan makanike na awa ɗaya ya isa ya sa mutum zufa, motocin hannu kuma sun cika kasuwa. Mu nan abin a juye yake. Ladan aiki a Suame Magazine ta Kumasi ko Kokompe ta Akra bai kai ko kusa da nasu ba, amma motar kanta sai ta ƙetaro teku, an saye ta da dala, an biya jirgi da dala, sannan a tashar Tema a yi mata kuɗin fito bisa wannan darajar ta dala, a ɗora VAT da sauran harajoji. Idan ta wuce shekara 10 da ƙerawa, akwai tarar tsufa a kai, tarar kuma tana ƙaruwa da shekarun motar. Wanda ya ga yadda sidi ya yi a 2022, daga wajen 6 a dala ɗaya a farkon shekara zuwa sama da 14 a watan Nuwamba, ya san abin da hakan ya yi wa farashin mota. Sidi ya farfaɗo a 2025, gaskiya ne, amma kowa ya san farashi a kasuwarmu da gudu yake hawa, da rarrafe yake sauka.

Saboda haka tambayar da ta dace ita ce: nawa zan ƙara a kan abin da za a sayi tawa, kafin in samu wata da ta fi ta? A ce motarka da lafiyarta za ta yi sidi 60,000, gyara kuma zai ci 20,000. Idan ka kai ta kasuwa da ciwonta, dillali ba 20,000 kaɗai zai rage ba, zai rage har da kuɗin tsoronsa da ribarsa, wataƙila ya taya 30,000. Wadda kake hange kuma a ce 110,000 ce. Ke nan sai ka nemo 80,000 don ka guje wa kashe 20,000. Lambobin misali ne kawai na kawo, kowa ya sa nasa, amma da wuya sakamakon ya canza.

Sannan me za ka saya da kuɗin? Mu faɗa wa juna gaskiya, kaɗan ne a cikinmu ke shiga shagon sababbin motoci. Volkswagen ya fara haɗa mota a Akra a 2020, Toyota ya buɗe nasa wurin a Tema a 2021, Nissan ya biyo baya a 2022, ga Kantanka ta gida, amma mutumin Nima ko Aboabo da yake tunanin kuɗin makarantar yara ba can ya nufa ba. Abin da zai saya shi ne abin da muke kira hom-yus, wato wata tsohuwar motar da wani ya gama morarta a ƙasar waje. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da ƙananan motocin hannu miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka zo. Da yawa daga cikin waɗanda ke zuwa mana daga Amurka a wajen gwanjon motocin haɗari ake sayo su, bayan kamfanin inshora ya ce gyaransu bai biya ba. Wasu ambaliya ce ta shanye su. A nan ake buga musu bodi, a fesa fenti, su fito suna ƙyalli kamar amarya. Majalisar dokoki ta yi doka a 2020 da nufin hana shigo da irin waɗannan da kuma waɗanda suka haura shekara 10, aka dakatar da aiwatar da ita bayan dillalai sun yi ƙorafi.

Taka kuwa ka san ta. Ka san yaushe aka canza mata lagireto, ka san ba ta taɓa kifewa ba, ka san wace ƙara ce ta wasa, wace ce ta gaske. Wannan sanin yana da daraja, sai dai babu mai biyan ka kuɗinsa ranar da za ka sayar.

Akwai kuma batun inda kuɗin zai fito, wanda ya shafe mu musamman. Wanda ba shi da cikon a hannu, banki za a nuna masa. A 2023 babban bankin ƙasa ya kai kuɗin ruwansa kashi 30 cikin 100, bankunan kasuwa kuma sama da haka suke bayarwa. Ko an ajiye maganar riba da hukuncinta a gefe, wanda Musulmi ba zai iya ajiyewa ba, bashi irin wannan a kan abin da kullum darajarsa raguwa take yi ba dabara ba ce. Kuɗin gyara kuwa sau da yawa ana iya haɗa shi da kwasar adashi ɗaya, ko rancen ɗan'uwa da babu ƙari a kai.

Wani abin da ba mu cika faɗa a fili ba shi ne kunya. Mutum ya je ɗaurin aure ko suna, ya ajiye tsohuwar Corolla ɗinsa nesa da ƙofa don kada a gani. Na sha jin ana cewa "motar nan ba ta dace da kai ba", kuma ban taɓa ganin mai faɗin haka ya kawo gudummawar ko taya ɗaya ba.

To amma ba kowace mota ce ta cancanci a zuba mata kuɗi ba, kuma a nan ba na sassauci. Injin ana sauke shi a sa wani. Giya ma haka. Abin da ba ya gyaruwa da gaske shi ne ƙashin motar. Iskar teku ta Akra da Tema da Takoradi tana cin ƙarfe, motocin da suka fito daga Kanada da arewacin Amurka kuma sun riga sun sha gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara. A ɗaga motar sama, ka shiga ƙarƙashi da kanka da tocila. Idan tsatsa ta ci inda ƙafafu suke kamawa, ko an taɓa yanka shasi an yi walda, kada ka sa mata sabon injin. Ranar haɗari ƙarfen nan ba zai kare kowa ba, iyalinka ne kuma a ciki. Takardar lafiyar mota ta DVLA da ke manne a gilashi ba za ta riƙe ƙarfen da ya ruɓe ba.

Haka motar da wutarta ta rikice, yau wannan fitila ta kama, gobe na'urar kwamfutarta ta ƙi, an zagaya masu waya uku kowa da nasa zance. Irin wannan rami ne marar ƙasa. Haka kuma motar da kayanta suka yi wuya. Idan ka zagaya Abossey Okai tun safe har azahar ba ka samu abin da kake nema ba sai an yi oda, to kowane ƙaramin ciwo zai zama zaman mako biyu. Wannan ne ya sa mai Corolla ko Vitz ko Picanto yake da hujjar gyara fiye da mai wata babbar motar Turai da aka saya don ado.

Mai tasi da mai tirotiro lissafinsu daban ne, domin su ranar da mota ta kwana a gareji asara biyu ce, ga kuɗin gyara ga cinikin da ya wuce. Direban da ke biyan mai mota kowane mako ya fi kowa sanin haka. Idan a wata ɗaya mota tana cin kwana 6 ko 7 a hannun makanike, ta daina ciyar da gida, ko da kowane gyara ƙarami ne.

Wanda ya yanke shawarar gyara, ya yi da ido buɗe. Kada ka tsaya a kan bakin makanike ɗaya. Injin da ke zafi yana iya zama matsalar gasket ce ko fanka ko lagireto, ba lallai sai an sauke shi gaba ɗaya ba, kuma akwai na'urar auna ƙarfin matsin silinda da ke nuna gaskiyar lamarin cikin ɗan lokaci. Idan ya tabbata sai an sayi injin hom-yus, ka tafi da makanikenka, ku yi magana da mai shago a kan kwana nawa ya ba ku na gwaji, a rubuta a rasit tare da lambar injin. Ka ce a ajiye maka tsofaffin kayan da aka cire ka gani. Sannan ka tambayi masta tambaya ɗaya kafin a kwance ko ƙusa: bayan wannan aikin, me kake ganin zai biyo baya cikin shekara guda? Idan ya lissafo birki da taya da shokozoba, waɗannan kowace mota tana ci. Idan ya fara da giya ya koma sitiyari ya gangaro ƙarƙashi, ka haɗa kuɗin duka kafin ka ba da na farko.

Wanda kuma ya ga sai ya canza, ya karɓi lambar shasin motar da zai saya, mai haruffa da lambobi 17. Idan daga Amurka ta fito, da kuɗi kaɗan ake duba tarihinta a shafuka irin su Carfax, sau da yawa ma lambar kaɗai idan aka sa a Google takan fito da hotunanta na ranar gwanjo, kafin a taɓa ta da guduma. Dillalin da ya hana ka lambar, ka yi masa sallama ka wuce gaba.