Wa Ke Rubuta wa Yaranmu?

'Yan uwa marubuta, kowa na son ɗansa ya yi gogayya da yaran duniya, shi ya sa ake ɗura masa Turanci tun bai iya karanta Hausa ba. Alhali yaron da ya ƙware da karatu a harshen uwa ya fi saurin kama wani harshen. To, me zai karanta? Mun cika kasuwa da littattafan soyayya, mun bar yara da katun a waya.

Ku tuna Abubakar Imam. A Magana Jari Ce ya ɗebo labarai daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai, ya sa musu rigar Hausa, yara suka san duniya suna gida.

Wannan makon kowa ya rubuta labarin yara ɗaya, kan intanet, taurari ko ƙasar Sin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.