Waya ta kai fugu duniya, ta bar masaƙi a Daboya

A watan Fabrairun 2026 shugaban ƙasa John Mahama ya sauka Zambiya sanye da fugu, sai wasu matasan can suka hau intanet suna dariya, wai rigar mata ya sa. 'Yan Gana ba su bari ta kwana ba. Kowa ya ɗauko tasa ya yi hoto ya watsa, har gwamnati ta ware ranar Laraba ta zama ranar sa fugu. Rigar da Kwame Nkrumah ya sa a daren shelar 'yancin kai a 1957 ta sake samun kasuwa, kuma waya ce ta yi mata talla kyauta. Na ji daɗin wannan ƙwarai. Sai dai tambayata ita ce: cikin kuɗin da wannan hayaniya ta jawo, nawa ne ya haye Farin Volta a kwalekwale ya isa hannun masaƙin Daboya?

Wanda bai taɓa ganin yadda ake yin fugu ba zai ɗauka wasa ne. Sai an tanadi zare, a kai shi marina a tsoma a baba, a shanya, sannan masaƙi ya zauna yana jefa ƙoshiya yana fitar da ƙyalle siriri mai faɗin tafin hannu. Waɗannan ƙyallayen ne maɗinki zai harhaɗa ɗaya bayan ɗaya, mai aikin wuya kuma ya yi nasa. Haka kwandon Bolga: matan ƙauyukan da ke kewaye da Bolgatanga su ke tsaga ciyawa, su murza ta a cinya, su rina, su saƙa. Kwando ɗaya kan ci kwanaki. Shi kuwa hotonsa ko minti ɗaya ba ya ci.

Ba na cikin masu cewa waya sharri ce. A da, mai saƙa sai ta jira ranar kasuwa, ta ɗauki kaya a ka, ta karɓi abin da mai saye ya ga dama, don ba za ta koma da su gida ba. Yau mai saye a Kumasi ko Accra zai turo hoton launin da yake so ta WhatsApp, ya biya kafin alƙalami ta momo, a ɗora kaya a mota. Tun da MTN ta kawo momo a 2009, kuɗi ya daina kwana a hanya. Harajin tura kuɗi da aka sa a 2022, wanda ya fara da kashi 1.5 cikin ɗari, ya ɗan karya gwiwar ƙananan masu sana'a, amma an soke shi a 2025. Duk wannan alheri ne, kuma ba mai musu.

Inda gizo ke saƙar shi ne wa ke riƙe da wayar. Yawancin waɗanda suka iya aikin hannun nan ba su yi boko mai zurfi ba, alhali kasuwar intanet da Turanci take magana. Ga tsadar data, ga ƙauyen da sai an hau tudu ake samun sabis. Saboda haka wani ne daga birni zai zo ya saya da araha, ya yi hoto mai kyau, ya sa sunan shagonsa, ya sayar a kan dala ko yuro. Mai saye a Jamus ya san sunan shagon, bai san sunan matar da yatsunta suka yi kanta ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wata ma layin momo ɗin da ake biyanta ba da sunanta aka yi rajistarsa ba, na ɗanta ne ko na mijinta, sai abin da aka ce mata ya shigo. Ga kuma 'yan damfara masu turo saƙon ƙarya cewa an biya, a saki kaya, daga baya a ga wayam.

Na biyu shi ne satar zane. Hoton da ke jawo ciniki shi ne kuma ke kai salon saƙa gaban mai masana'anta. Mun ga abin da ya sami kente: an buga kamanninsa a kan yadi da inji a ƙasashen waje, an dawo da shi kasuwanninmu a farashin da masaƙi ba zai iya karawa da shi ba. Fugu ma ba ta tsira ba, musamman yanzu da idon duniya ya dawo kanta.

Makaɗa su ma haka. Mai goge ko mai kalangu zai kwana yana wasa a gidan biki, wani yaro ya ɗauka a waya ya ɗora a shafinsa. YouTube na biyan mai shafin da ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo. Mai shafi ake biya, ba mai kiɗa ba. King Ayisoba ya fito daga yankin Bongo da kologonsa har ya zaga Turai, amma shi ya samu masu tsaya masa da rajista da yarjejeniya. Nawa ne irinsa a ƙauye da ba su taɓa jin sunan GHAMRO ba, balle su yi rajista a tara masu haƙƙinsu?

Doka fa akwai ta. Dokar haƙƙin mallaka ta 2005 ta ce kayan al'adun gargajiya amana ce a hannun shugaban ƙasa a madadin jama'a, kuma mai son cin kasuwa da su sai ya nemi izinin hukumar kula da al'adun gargajiya. Akwai kuma dokar 2003 da ke kare sunan kayan da aka san wani yanki da su. UNESCO ta sa kente cikin jerin gadon al'adun duniya a Disambar 2024. Ina kira ga gwamnati da majalisun gundumomi su bi wa fugu da kwandon Bolga wannan hanya da gaske, a samar da tambarin da zai bambance saƙar hannu da bugun inji. Ranar Laraba kaɗai ba ta ciyar da masaƙi in rigar da ma'aikaci ya sa daga kwantena ta fito.

Amma kafin gwamnati, mu fara da kanmu, don mu mutanen zango muna tsakiyar wannan ciniki. Tun zamanin fataken goro na Salaga kakanninmu ke haɗa arewa da kudu, kuma yau da yawa cikin masu tallan fugu a Nima da zangon Kumasi da Tamale 'ya'yanmu ne. Dillanci ba laifi ba ne, sana'a ce mai daraja. Laifin shi ne ɓoye farashi da shafe sunan mai aiki. In ka ɗora hoton riga, rubuta garin da aka saƙa ta da sunan wanda ya saƙa, in ya yarda. In ka ɗauki makaɗi, nemi izininsa, in kuɗi ya shigo ka ba shi rabonsa. In ciniki ya yi kyau, ƙara wa mai saƙa, ka kuma tabbatar kuɗin layinta ya shiga.

Su kuma masu sana'ar, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Matan Sirigu sun haɗa ƙungiya tun 1997 a kan tukwanensu da zanen bangonsu, baƙi na zuwa har gida suna saye. Masaƙa goma da waya ɗaya mai kyau, da asusu ɗaya, da farashi ɗaya, sun fi ƙarfin a yi masu ɗauki ɗai-ɗai. Ɗaliban da ke makarantun waɗannan ƙauyuka kuwa, a koya masu ɗaukar hoton kaya, da rubuta farashi, da gane saƙon damfara, su zama bakin iyayensu a kasuwa.

Laraba mai zuwa, kafin ka biya kuɗin fugu, tambayi mai shago wa ya saƙa ta, a wane gari. In ya kasa amsawa, to ka san inda ribar ta tsaya.