Babbar Jijiyar Zuciya da Wuƙar Likita

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halicci ɗan Adam, Ya gudanar da jini cikin jijiyoyinsa. Bayan haka, ya ku malamai da fatake, yau maganarmu a kan wani ciwo ne na dattawa, wanda ba ya sallama sai ya riga ya shiga gida.

A cikin Suratul Haƙƙa an ambaci wata jijiya da ake ce wa watinu, malaman tafsiri kuwa suka ce ita ce jijiyar zuciya wadda in ta tsinke rai ya fita. Babbar jijiyar nan Turawa na kiranta awota. Tana tasowa daga zuciya, ta tanƙwara, ta gangaro ta ƙirji da ciki, har wajen cibiya inda ta rabu biyu zuwa ƙafafu. Faɗinta a ciki kamar santimita 2 ne, misalin kaurin babban yatsa. Lokacin ƙuruciya tana da taushi, tana miƙewa tana komawa da kowane bugun zuciya. Da shekaru suka ja sai ta ƙandare kamar salkar da ta daɗe a rana, jini kuwa bai fasa dukanta ba, har wani gefe ya raunana ya kumbura. Hawan jini da shan taba su ke gaggauta wannan, kuma ya fi kama maza, da wanda aka taɓa yin ciwon a danginsa. Galibi mai shi ba ya jin kome, sai dai wani ya ji abu na harbawa kusa da cibiyarsa. Ranar da ta fashe kuwa, mafi yawa ba su tsira.

To, mun san abin da wasu za su ce: ai ya zo a hadisi cewa kowace cuta tana da magani ban da tsufa. Gaskiya ne, mu ma ba mu ce likita zai mai da tsoho yaro ba, ƙandarewar jijiya kuwa wuƙa ba ta warkar da ita. Amma kumburin nan cuta ce dabam wadda tsufa ya haifa, Allah kuwa Ya sanar da bayinSa maganinta. Tun a Andalus, Abul Ƙasim az-Zahrawi, mai littafin at-Tasrif, ya yi bayanin ɗaure jijiyar jini, saboda haka aikin wuƙa ba baƙo ba ne a gidan Musulmi.

A shekarar 1951 wani likita a birnin Faris, Sharl Dubos, ya yanke kumburin, ya maye gurbinsa da jijiyar wani mamaci, majinyacin kuwa ya rayu. Ba a daɗe ba Maikel Dibeki na Amurka, wanda iyayensa mutanen Labanan ne, ya ɗinka bututu na yadin Dacron a keken ɗinkin matarsa, aka riƙa sa shi a maimakon jijiya. A 1990 kuma Huwan Farodi na Ajantina ya cusa bututun ta jijiyar matsematsi, ya kai shi har wurin kumburi ba tare da tsaga ciki ba. Hanyoyin nan biyu duk ana binsu yau. Masanin nan Ainistain ya ƙi a sake yi masa aiki, kumburin ya fashe, ya rasu a 1955. Dibeki kuwa, da tasa jijiyar ta tsage, aka yi masa aiki a 2006 yana da shekara 97, ya ƙara shekara biyu a duniya. Kowa da ajalinsa, amma an umurce mu da riƙon sababi.

Kada a ɗauka duk mai kumburi sai an tsaga shi. Aikin babba ne, yana da nasa haɗari, don haka ƙaramin kumburi awo kawai ake yi masa lokaci lokaci. Sai ya kai kamar santimita 5 da rabi ga namiji, ko yana saurin girma, ko yana ciwo, sannan likita ya ba da shawarar aiki. Gane shi kuma ba wuya, da na'urar nan da ake duba masu juna biyu ake ganinsa, ba allura ba jini. A Ingila har kiran kowane namiji ake yi in ya kai shekara 65 don a duba shi.

Saboda haka muna roƙon malamai su bayyana wa almajiransu da masu sauraronsu cewa zuwa asibiti bai saɓa wa tawakkali ba. Dattijon da ya taɓa shan taba, ko yake da hawan jini, ya je a duba shi tun yana kan ƙafafunsa, ya bar taba, ya riƙe maganinsa. Wanda ya ji kumburi mai harbawa kada ya bari wanzami ya sa masa aska ko ƙaho. Wanda ciwon ciki ko na baya ya sare shi farat ɗaya har ya nemi suma, a garzaya da shi asibiti nan take. Fatake kuma, ku da ba ku ɗora kaya sai kun duba igiya, ku taimaka wa talakan da aka rubuta wa aiki ya rasa kuɗi, hukuma kuwa ta horar da likitocin jijiya, ta wadata asibitoci da kayan aiki. Rigakafi ya fi magani.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa mu cika da imani. Wassalamu.