Dogon hutu a Jiddah: Darussa sun cika intanet, amma wanne zai amfani 'ya'yan Hausawa?

Da zarar an rufe makarantu a ƙarshen watan Yuni, unguwar Khumra da ke kudancin birnin Jiddah takan yi tsit da rana. Zafi da gumin bakin teku kan kora yara cikin ɗakuna. A wannan lokaci ne ma hukumomin Saudiyya ke hana aiki cikin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 na yamma, tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba.

Kusan wata biyu ke nan yaro zai yi a gida, galibi da waya a hannunsa. Ga iyalan Hausawa mazauna Khumra da sauran unguwannin kudancin Jiddah, samun darasin kyauta a intanet ba shi da wuya. Abin da ke da wuya shi ne sanin wanne zai kai yaron inda ake so ya je.

Me ake gudu a dogon hutu?

Masana ilimi sun daɗe suna nazarin koma-bayan da dogon hutu ke jawowa. A 1996, Harris Cooper da abokan aikinsa a Amurka sun tattara sakamakon bincike da dama, inda suka gano cewa ɗalibi kan yi asarar kimanin karatun wata guda a lokacin hutun. Asarar ta fi yawa a lissafi, a fannin karanta rubutu kuma ta fi taɓa 'ya'yan marasa ƙarfi.

Wannan ya sa hutun ke ƙara nisa tsakanin yaron da ake bibiyar karatunsa a gida da wanda aka bari da wasannin waya.

Ƙofar da takarda ke buɗewa

Saudiyya na cikin ƙasashen da suka zuba dukiya a karatun intanet. Bayan rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda annobar korona, ma'aikatar ilimi ta ƙaddamar da manhajar Madrasati, wadda miliyoyin ɗalibai suka koma kanta.

Sai dai Madrasati ta ɗaliban da ke da rajista ce, rajistar kuma na tafiya ne da lambar katin ɗan ƙasa ko ta iƙama. A nan ne Hausawan Jiddah suka rabu kashi-kashi.

Akwai waɗanda kakanninsu suka zo aikin Hajji a ƙasa, ta Chadi da Sudan, suka tsallaka Bahar Maliya, yau jikokinsu 'yan ƙasa ne, da yawansu na amsa laƙabin Hausawi. Akwai masu iƙama, waɗanda tun 2017 ake cajinsu kuɗi a kan kowane mutum da ke ƙarƙashinsu, kuɗin da ya fara daga riyal 100 a wata ya kai riyal 400 a 2020. Akwai kuma waɗanda aka haifa a can ba su da takarda ko ɗaya. Ko layin waya ba a yi wa mutum rajistarsa sai da shaida da hoton yatsa.

Rusau ɗin da aka fara a ƙarshen 2021, wanda ya shafi unguwanni fiye da 60, ciki har da Karantina da Gulail da Sabil inda 'yan Afirka ta Yamma suka daɗe da zama, ya tarwatsa iyalai da dama, ya raba yara da malaman unguwa da suka saba.

Ga yaron da ke waje da rajista, abin da ya rage shi ne darussan da ba sa tambayar takarda. Tashoshin iEN na ma'aikatar ilimi na watsa darussan manhajar Saudiyya ta tauraron ɗan'adam da YouTube, kowa na iya kallo. Shafin Edraak da gidauniyar Sarauniya Rania ta Jodan ta kafa a 2014, da shafin Madrasa da Dubai ta buɗe a 2018 da bidiyon kimiyya da lissafi 5,000, duk da Larabci suke, kuma kyauta ne.

Larabci ko Turanci?

Babbar tambayar ita ce a ina yaron zai rubuta jarrabawarsa ta ƙarshe. Iyalin da iƙamarsu ta dogara da aikin uba sun san cewa ranar da aikin ya ƙare, komawa Kano ko Maraɗi na iya zama dole.

Yaron da ya yi lissafi da kimiyya da Larabci a Jiddah zai tarar da jarrabawar WAEC da NECO da Turanci, ga kuma ta JAMB da tun 2015 ake yi a kan kwamfuta. Wanda zai koma Nijar kuwa, Faransanci zai fi cin karo da shi a aji.

Ga irin wannan yaro, darussan iEN maimaici ne na abin da ya riga ya sani. Abin da ya fi buƙata shi ne irin Nigeria Learning Passport, wanda ma'aikatar ilimin Najeriya ta ƙaddamar tare da UNICEF da Microsoft a 2022. Yana bin manhajar Najeriya, kuma akwai darussa da Turanci da Hausa. Khan Academy ma na da darussan lissafi da Turanci da Larabci, don haka yaro na iya kallon darasi guda da harsuna biyu har ya saba da kalmomin.

Hausawa na cewa ba a tauna taura biyu lokaci guda. Tara wa yaro shafuka goma daga manhajoji daban-daban na iya rikita shi, ya ƙare hutun bai kammala ko ɗaya ba.

Abin da waya ba za ta yi ba

Rahoton Bankin Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimta. Yaron da bai iya karatu ba, bidiyo ba zai gane inda ya maƙale ba. Sai an samu babba a kusa, ko yaya ne ko uwa ko malamin unguwa, ya zauna da shi ya ji yadda yake karantawa.

Haka kuma, babu ɗaya daga cikin waɗannan shafuka da ke ba da takardar kammala sakandare. Yaron da ba shi da rajista zai iya ƙwarewa a lissafi ta YouTube, amma ba shi da shaidar da zai nuna wa jami'a ko mai ɗaukar aiki. Saudiyya ta amince da Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 1996, wadda ta tanadi ilimin firamare ga kowane yaro. Warware batun takardun ya rataya ne a wuyan hukumomin Saudiyya da ofisoshin jakadancin Najeriya da Nijar.

Abin da ke hannun iyaye a Khumra shi ne su fara yanke shawarar inda yaron zai yi jarrabawa, su zaɓi manhaja guda da darasi ɗaya ko biyu, su kuma tsayar da lokaci a kullum. Idan aka buɗe makarantu a ƙarshen Agusta, malamin aji ne zai fara gane wanda aka zauna da shi.