Ra'ayi: Waya za ta iya rage kwanciya asibiti a Zuru, amma kada a dogara da hoto kaɗai

Manomi a Ribah ko Dirin Daji ya taka ƙaya, ko fartanya ta sare shi a ƙwauri. Bayan kwana uku ƙafa ta kumbura, ta ɗau zafi, zazzaɓi ya biyo baya. Ƙwayoyin bakteriya ne suka shige ƙarƙashin fata, abin da likitoci ke kira selulaitis. Idan abin ya yi tsanani, sai a ba mutum gado a riƙa yi masa allura ta jijiya na wasu kwanaki. A tsakiyar damina, wannan na nufin gona ta tsaya, mai jinya ya bar nasa aikin, ga kuɗin mota zuwa Babban Asibitin Zuru, ga fargabar hanya a yankunan Danko-Wasagu da Sakaba. Shi ya sa da yawa ke tsayawa a kemis har sai ƙafa ta lalace.

A wasu ƙasashe an fara sauya wannan tsari. A shekarar 2014 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da dalbavancin, maganin da ake ɗura wa mutum ta jijiya cikin rabin sa'a, ya ci gaba da aiki a jiki fiye da mako guda. Sai a sallame shi, a riƙa bibiyarsa ta waya. A Ingila ma hukumar lafiya ta NHS na jinyar wasu marasa lafiya a gidajensu, ana duba su ta na'urori da kiran bidiyo.

Maganin yana da tsada ƙwarai, ban ga ranar zuwansa Zuru nan kusa ba. Amma ita bibiyar ba ta buƙatar sabuwar manhaja. Biro, ma'aunin zafin jiki da WhatsApp sun isa a fara. Likita ya duba mutum ido da ido, ya zagaye iyakar kumburin da biro, ya ba shi magani. Kullum da safe a turo hoto da awon zafin jiki. Idan kumburi ya tsallake layin yana ta yaɗuwa, a dawo.

Inda nake da ja shi ne hoton. Akasarin littattafan likitanci sun koyar da gane wannan cuta ta hanyar jan da fata ke yi, alhali a baƙar fata jan ba ya fitowa sosai. Ga kyamarar ƙananan wayoyi da ke gyara launi da kanta, ga WhatsApp da ke matse hoto ya rage masa inganci, sannan a ɗauka a cikin ɗaki da hasken tocila. Likita zai iya ganin ƙafa lafiya lau a allo, alhali tana ci ta ciki. Zafin fata da raɗaɗi kuwa hannu ne ke gane su. Don haka dole a sa ma'aikacin lafiya na asibitin sha-ka-tafi mafi kusa ya taɓa wurin, ya auna kaurin ƙafar da tef irin na tela, a ɗauki hoto a waje da rana.

Kuma ba kowa za a sallama ba. Mai ciwon sukarin da ya ƙi daidaita, jariri, wanda kumburin ya kama kusa da ido, wanda fatarsa ta fara baƙi ko ɗurar ruwa, ko mai raɗaɗin da ya wuce girman ciwon, gado ne nasa, wani ma sai an tura shi Birnin Kebbi ko Sakkwato. Ƙurjin da ya tara mugunya sai an tsaga.

Sai tambayar da masu tallar fasaha ba sa son ji: idan sabis ya ɗauke ko caji ya ƙare, wa zai nemi majinyacin? Ya kamata shirun kwana ɗaya ya zama ƙararrawa, a kira ɗan'uwansa ko a tura mai babur. Hotunan jikin mutane kuma kada su ƙare a guruf, domin dokar kare bayanan sirri ta 2023 ta shafi bayanan lafiya.

Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kebbi za ta iya gwada wannan a Zuru da waya ɗaya ta asibiti, da nas ɗaya da aka ɗora wa alhakinta, a riƙa biyan ta kuɗin data, a kuma rubuta adadin waɗanda suka dawo ciwo ya ƙaru.