Raddi ga Masu Auna Mai Masta da Sunan Jami'arsa ta Farko

Akwai ra'ayin da ke yawo tsakanin wasu masu ɗaukar ma'aikata a kamfanonin bincike da ba da shawara: wai in mai digirin masta ya kawo takardunsa, a fara duba inda ya yi lisansi. In Yamai ce ko Dakar, a kira shi. In Tawa ce, a ajiye. Hujjojinsu huɗu ne, ga amsar kowace.

Ta farko, sun ce sunan jami'a shaida ce ta hazaƙa. Jarrabawar BAC ɗaya ce ga ɗan Yamai da ɗan Keita. Kafin 2010, Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ce kaɗai jami'ar gwamnatin Nijar. A shekarar ne aka kafa na Tawa da Maraɗi da Damagaram. Sunan da ake taƙama da shi na daɗewa ne. Yaro da yawa ya tsaya Tawa don iyayensa ba su iya ɗaukar nauyin zamansa a babban birni, ba don ƙwaƙwalwarsa ta gaza ba.

Ta biyu, sun ce haka manyan kamfanonin Amurka irin su McKinsey suke yi. Gaskiya ne sun daɗe suna fifita ƴan wasu jami'o'i ƙalilan. Amma binciken Lauren Rivera, a littafinta Pedigree na 2015, ya nuna cewa wannan tacewa ƴaƴan masu hali take gatantawa. Abin da aka kafa hujja da shi, shi kansa abin zargi ne.

Ta uku, sun ce masta ba ya goge raunin tushe. To mene ne amfaninsa? Wanda ya kai wannan mataki an duba takardunsa kafin a karɓe shi, ya rubuta kundin bincike, ya kare shi gaban malamai. Wannan ce shaida mafi kusa, ita ya kamata a karanta. Su kuma malaman Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, hukumar CAMES ce ke tantance ƙarin girmansu, da ma'aunin da take auna na Yamai da Dakar.

Ta huɗu, sun ce mai ba da kwangila babban suna yake so. Abin da yake biya rahoto ne mai gaskiya. Tun aikin raya karkara na Keita, wanda aka fara a 1984 da kuɗin Italiya, har zuwa ramukan tassa da suka farfaɗo da faƙo a yankin Illela, aiki a Adar, ƙasar Tawa, yana bukatar mai jin Adaranci, wanda ya san rikicin manomi da makiyayi, wanda zai iya zama da masu Tamashek a Abalak su sake da shi. Sunan makaranta ba ya ba mutum wannan.

Ba a musun cewa sabuwar jami'a ba ta kai tsohuwa yawan littattafai da tsofaffin ɗalibai masu buɗe ƙofa ba. Maganin shakka kuwa gwaji ne. A rufe sunan makaranta, a ba kowa matsala ɗaya ya warware a rubuce, a yi masa tambayoyi baki da baki, sannan a ɗauki wanda ya iya.